Yadda ake riƙe takardar shaidar tsaron na'urorin sadarwa bayan an sauya sassa ko an sabunta manhajar ciki

Takardar shaidar tsaro da ake ba rawuta, suwic ko katangar tsaro ba ta rufe duk abin da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi. Abin da ta rufe shi ne samfuri kaza, mai furosesa kaza, da manhajar ciki mai lamba kaza, wanda aka saita yadda littafin jagora ya ce. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya motsa, abin da ke hannunka ba shi ne aka gwada ba. Kamar takardun mota ne: ranar da ka sauke inji ka ɗora wani, motar za ta ci gaba da tafiya lafiya lau, amma lambar injin da ke cikin takarda ta daina dacewa da wadda ke ƙarƙashin bonet.

Ga shi kuma na'ura ba ta zama ba sauyi. Ana gano ɓaraka a yi mata faci, masu ƙera cip su daina yin wani su fito da wani. A ƙarancin cip da aka yi fama da shi daga 2020 zuwa 2022, kamfanoni da yawa sun maye gurbin sassa da abin da ya samu a kasuwa. To aikin shi ne a riƙa jan takardar tana bin na'urar a baya, kada a bari tazara ta yi nisa. Yawancin matakan da ke ƙasa na mai ƙera na'ura ne, na ƙarshe kuma na wanda ya saya yake aiki da ita, amma kowannensu yana bukatar ya san abin da ɗayan yake yi.

Mataki na 1: San wace takarda ce a hannunka

Guda biyu ne suka fi yawa a kan na'urorin sadarwa, kuma kowacce da ƙofarta.

Ta farko ita ce Common Criteria, wato ma'aunin ISO/IEC 15408. Hukumar wata ƙasa ce ke bayar da ita bayan ɗakin gwaji mai lasisi ya gama aikinsa: NIAP a Amurka, BSI a Jamus, ANSSI a Faransa. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CCRA suna karɓar takardun juna. Yawancin na'urorin sadarwa ana auna su ne da kundin sharuɗɗan da ake kira NDcPP. Takardar takan yi shekara 5 a jerin yarjejeniyar kafin a mayar da ita ma'ajiya, amma NIAP shekara 2 take bayarwa kafin ta nemi a dawo. A Tarayyar Turai kuma tsarin EUCC ya fara aiki ranar 27 ga Fabrairun 2025.

Ta biyu ita ce FIPS 140-3, wadda ba ta duba na'urar gaba ɗaya sai ɓangaren da ke kulle bayanai da sarrafa makullai. Shirin CMVP ne ke bayar da ita, wanda aka kafa a 1995, kuma hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, da cibiyar tsaron intanet ta Kanada suke gudanarwa tare. Tana da mataki 4, kuma ita ma shekara 5 take yi. A ƙarƙashinta akwai takardun CAVP, masu tabbatar da cewa kowane lissafin kulle bayanai, irin su AES da SHA-256, yana fitar da amsa daidai a kan furosesan da aka ambata.

Kada a haɗa waɗannan da amincewar da hukumar NCC ke ba kayan sadarwa kafin a sayar da su a Najeriya. Wannan izinin shiga kasuwa ne da hawa layukan ƙasa, ba ya tsaya a madadin ɗayansu.

Mataki na 2: Rubuta ainihin abin da aka gwada, ka zana masa iyaka

Ka ɗauko takardun asali: a Common Criteria akwai ST, wadda ke bayyana abin da aka yi iƙirari, da rahoton hukuma, da littafin saiti, a FIPS akwai takardar manufar tsaro da ake wallafawa tare da shaidar. Daga cikinsu ka fitar da shafi guda mai ɗauke da lambar samfuri da bugun allonsa, sunan furosesa da zuriyarsa, lambar manhajar ciki har zuwa ƙaramin harafin ƙarshe, lambar manhajar tayar da na'ura, ɗakunan lissafin da aka aro, wato shiryayyun manhajojin kulle bayanai kamar OpenSSL, da sigarsu, inda ake samo lambobin bazata, da lambobin takardun CAVP.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne iyaka: mene ne a ciki, mene ne a waje. Lokacin da ɓarakar Heartbleed ta fito a Afrilun 2014, kuskuren yana cikin ɓangaren OpenSSL mai kula da TLS ne, wato yarjejeniyar kulle sadarwa a intanet, ba cikin ƙaramin ɓangaren lissafin da aka ba shaidar FIPS ba. Saboda haka wanda shaidarsa ta tsaya a kan wannan ƙaramin ɓangaren ya iya yin faci ba tare da ya taɓa abin da aka gwada ba. Wanda kuwa ya zana iyakarsa ta kewaye akwatin gaba ɗaya, facin ya faɗo masa a cikin gida. Faci ɗaya, hukunci biyu. Shi ya sa mai dabara tun ranar farko yake matse iyakar FIPS a kan ɗan ɗakin lissafi da ba ya yawan sauyawa, ya bar sauran manhajar tana tafiya da saurinta.

Mataki na 3: Kada sauyi ya wuce ba a rubuta shi ba

Wannan gajere ne amma a nan ake yawan faɗuwa. Duk wani sauyi, ko na injiniyan manhaja ne ko na mai sayo sassa a masana'anta, sai ya bi ta teburin wanda ke kula da takardun shaida kafin a sake shi. Mai sayo kaya da ya ga ƙwaƙwalwar ajiya ta ƙare a kasuwa ya kawo wata mai girma ɗaya, a wurinsa ya warware matsala ne, bai ma san akwai wanda ya kamata ya gaya wa ba. A sa tambaya guda a fom ɗin neman sauyi: shin wannan ya taɓa wani abu da ke cikin shafin Mataki na 2?

Mataki na 4: Auna nauyin kowane sauyi

A nan ne aikin yake, kuma ba a auna shi da yawan layukan da aka gyara. Ana iya sake rubuta dubban layuka a ɓangaren da ba ruwansa da tsaro a ce ƙaramin sauyi ne, a gyara layi ɗaya a wurin tantance kalmar sirri ya zama babba. Tambayar ita ce: hujjar da aka dogara da ita aka ba da shaida, tana nan a tsaye ko ta girgiza?

A ɓangaren sassan jiki, sauya fanka, tiransifoman wuta, launin akwati ko yawan ramukan kebul ba kasafai yake tayar da ƙura ba. Sai dai a FIPS mataki na 2 zuwa sama, akwatin kansa yana cikin abin da aka gwada, domin akwai hatimin da ke nuna an buɗe, kuma ba a yarda a hango cikin na'urar ta ramukan iska ba. Idan ka faɗaɗa ramukan don na'urar ta daina zafi, ka taɓa shaida ke nan.

Furosesa kuwa wani abu ne daban. Takardar CAVP tana ambaton furosesan da aka yi gwajin a kansa, kuma NIAP tana duba ko ya dace da wanda ke cikin na'urar. Idan ka tashi daga wata zuriya zuwa wata, ko sabon yana da umarnin hanzarta AES da tsohon ba shi da shi, hanyar da lissafin ke bi ta canza, sai an sake gwaji. Wanda ya fi wannan zurfi shi ne tushen lambobin bazata. Kowane makulli da na'ura ke ƙirƙira daga nan yake fitowa, kuma sau da yawa tushen yana cikin furosesan ne, ko dai umarni irin RDSEED na Intel, ko 'yar rawar da agogon cikinsa ke yi. Sauya cip yana nufin ma'aunin da aka yi bisa SP 800-90B, ƙa'idar NIST ta auna tushen bazata, bai shafi sabon ba. Kada ka ɗauka tsoro ne kawai na masu takarda: a 2019 an samu furosesan Ryzen 3000 na AMD da umarnin RDRAND ɗinsu, mai fitar da lambobin bazata, yake maido da lamba ɗaya tak a kowane kira, har wasu nau'o'in Linux suka ƙi tashi, sai da aka gyara ta sabunta BIOS, wato manhajar tayar da kwamfuta. Wannan misalin ya nuna wani abu kuma, cewa sabunta BIOS kaɗai yana iya canza halin tushen bazata ba tare da kowa ya taɓa allo ba.

Akwai sauyin da ba kai ka zaɓa ba. A farkon 2017 aka gano cewa siginar agogon furosesan Atom C2000 na Intel tana lalacewa bayan an daɗe ana aiki da shi, na'ura ta mutu ta ƙi tashi. Cisco da wasu kamfanoni suka shiga musanya wa abokan ciniki kayansu. Na'urar da ta dawo sunanta ɗaya da wadda ta tafi, amma bugun allonta sabo ne. Irin wannan sai an kawo hujjar daidaito: a nuna cewa manhajar da ke kan biyun ɗaya ce, ɗakunan lissafi ɗaya, hanyoyin gudanarwa ɗaya, kuma bambancin bai shafi wani aikin tsaro ba. Kundin da ke rakiyar NDcPP ya ware sashe musamman don wannan.

A ɓangaren manhajar ciki, ka bi jerin ayyukan tsaron da ST ta yi iƙirari ɗaya bayan ɗaya: SSH, TLS, IPsec, tantance mai shiga, rajistar abubuwan da suka faru, gwajin kai lokacin tashi, da tabbatar da sa hannun sabuntawa. Ga kowane gyara ka tambaya wanne ya taɓa. Ƙara sabuwar yarjejeniyar sadarwa, buɗe sabuwar ƙofar gudanarwa, ko tsallakawa daga OpenSSL 1.1.1 zuwa 3.0, duk manyan sauye-sauye ne. Gyaran da ya mayar da aiki yadda aka riga aka bayyana shi a takarda yakan zama ƙarami. Canza injin harhaɗa manhaja ko wurin da ake sa mata hannu yana iya zama babba ko da ba a taɓa layi ɗaya ba, domin yadda ake ginawa ma an duba shi.

Abu na ƙarshe a nan: ƙananan sauye-sauye suna taruwa. Ana kwatanta sabuwar siga ne da wadda aka gwada tun asali, ba da ta watan jiya ba. Ƙanana goma sha biyu a jere suna iya haɗuwa su zama babba guda, kuma hukuma tana da hurumin ta ce haka.

Mataki na 5: Sake gwaji, ka kuma binciko ɓarakokin da aka sani

Ka sake gudanar da gwaje-gwajen da suka shafi wuraren da aka taɓa, ka ajiye sakamakon da kwanan wata da lambar siga. Sannan ka ɗauki jerin duk abin da ke cikin manhajar, har da ƙwayar Linux da kowane ɗakin lissafi na aro, ka bincika su a rumbun CVE, inda ake jera sanannun ɓarakoki da lambobinsu. Kowace ɓaraka da ta fito sai ka ce ɗaya daga cikin biyu: an toshe ta a wannan siga, ko ba ta shafi na'urar a saitin da aka gwada ba, ga dalili. NIAP ba ta amincewa da kayan da ke ɗauke da sananniyar ɓarakar da ba a magance ba. Ka yi binciken dab da miƙa takardu, domin wanda ya kwana biyu za a ce ka sake.

Mataki na 6: Shiga ta ƙofar da ta dace

A Common Criteria, abin da ake rubutawa shi ne rahoton nazarin tasiri, wanda aka fi sani da IAR, a miƙa wa hukumar da ta ba da shaidar tun farko. Ya ƙunshi sunan sigar da aka gwada da na sabuwar, bayanin kowane sauyi, takardun hujjar da sauyin ya shafa, yadda aka gyara su, da ra'ayinka a kan ko ƙarami ne ko babba. Ra'ayi ne kawai. Hukuma ce ke yanke hukunci. Idan ta ce ƙarami ne, sai ta wallafa rahoton kulawa a liƙa shi a jikin tsohuwar shaidar, sabuwar sigar ta shiga ƙarƙashinta. Idan ta ce babba ne, sai a koma ɗakin gwaji a sake tantancewa, amma ana amfani da sakamakon baya a wuraren da ba su canza ba, a ƙarshe a ba da sabuwar takarda.

Shawarata a kan rubuta IAR: kada ka kwafo sanarwar fitar da siga ka manna. Jimla irin "an gyara wasu kurakurai" ba ta gaya wa mai dubawa komai, sai dai ta sa ya fara zargi. Ka faɗi wane kuskure, a wane ɓangare, me ya sa bai taɓa aikin tsaro ba. Kuma idan kana shakka, ka tuntuɓi ɗakin gwajinka kafin a saki sigar. Kuɗin shawarar awa biyu bai kai na janye kaya daga kasuwa ba.

Mai saye ya lura da wani abu: rahoton kulawa ba sabon gwaji ba ne da dabarun kutse na yau. Tabbacin da yake ɗauke da shi na ranar shaidar asali ne.

A FIPS 140-3, ɗakin gwaji ne ke miƙawa, kuma CMVP ta raba ƙofofin da sunaye. NSRL na sauyin da bai shafi tsaro ba ne. CVE na facin ɓarakar da aka sanar. OEUP na ƙara sabon furosesa ko tsarin aiki. PHYS na sauyin akwati. TRNS na lokacin da NIST ta yi ritayar wani lissafi. UPDT na sauyin da ya shafi tsaro amma bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Abin da ya wuce haka sabon nema ne daga tushe, kuma layin CMVP ya sha haura shekara guda. Wannan jiran shi ne dalilin da ya sa kamfanoni da yawa suke ware reshe guda na manhajarsu mai dogon rai, su riƙa yi masa facin tsaro kaɗai, sababbin fasahohi kuma su tafi a wani reshen.

Mataki na 7: Idan faci da takarda suka yi karo

Wannan zai faru, ba makawa. An sanar da ɓaraka yau, masu kutse sun fara amfani da ita, facin ya fito, amma sigar da ke da facin ba ta cikin takarda tukuna. A Oktoban 2023, ɓarakar CVE-2023-20198 a shafin gudanarwa na Cisco IOS XE ta sa an shiga dubban na'urori cikin 'yan kwanaki. Wanda ya tsaya jiran hatimi a irin wannan rana, shi ya jiyo.

Ra'ayina a fili yake: a yi facin, a rubuta dalili, a bi takarda daga baya. Shaida ba ta taɓa nufin babu rauni ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Masaryk da ke Jamhuriyar Cek sun gano raunin ROCA a cip ɗin Infineon da ke ɗauke da shaidar Common Criteria da ta FIPS duka biyu, har Estoniya ta dakatar da makullan katunan shaidar 'yan ƙasa sama da 700,000. Su ma masu dokar sun karkata nan. Ma'aunin PCI DSS, wanda bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ke bi har a Najeriya, ya ce a sa faci mafi hatsari cikin wata guda da fitowarsa, kuma a 2025 shirin FedRAMP na gwamnatin Amurka ya fitar da manufar da ta fifita toshe sananniyar ɓaraka a kan zama bisa tsohuwar sigar da ke da shaida.

Abin da za ka ajiye wa mai binciken ƙa'ida shi ne takarda mai sa hannun shugaban tsaro, mai ɗauke da lambar ɓarakar, sigar da aka bari, sigar da aka koma, wasiƙar mai ƙera na'ura da ke cewa ya miƙa neman sabuntawa, da ranar da za a sake duba lamarin.

Mataki na 8: Ranar sabuntawa a wurin mai amfani da na'ura

Kafin komai, ka buɗe shafin Common Criteria ko jerin NIAP ko na CMVP da kanka, ka ga ko lambar sigar tana nan. Kada ka tsaya a kan maganar dillali. "Muna amfani da AES mai shaida" ba daidai yake da "wannan siga tana da shaidar FIPS" ba. Takardun manufar tsaro da yawa sun faɗa ƙarara cewa duk manhajar da aka ɗora wadda ba ta cikin takardar, ta fita daga shaidar, ko da sa hannun kamfanin a kanta.

Ka sauke manhajar daga shafin kamfanin kaɗai, ka kwatanta zanen yatsanta, wato lambar da ake lissafowa daga fayil ɗin, da wanda aka wallafa. A Cisco umarnin verify /sha512 yana yin wannan. Ka adana saitin da ke kai a wani wuri, ka tabbata akwai batirin ajiya ko inbata mai ƙarfi, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubuta manhajar tayarwa tana iya kashe na'ura ɗungurungum.

Bayan ta tashi, ka duba abu uku. Sigar manhaja da bugun allo: show version da show inventory a Cisco, inda VID ke nuna bugun, show chassis hardware a Juniper, get system status a FortiGate. Sai yanayin aiki: shin tana nan a yanayin FIPS? A Junos, manhajar na'urorin Juniper, za ka ga kalmar fips a jikin alamar shigar da umarni, FortiGate kuma tana nuna layin FIPS-CC. Ka sani cewa a na'urori da yawa shiga wannan yanayin yana goge saiti da makullai gaba ɗaya, don haka ba abin da ake gwadawa da tsakar ranar aiki ba ne. Na uku, ka bi littafin saiti layi-layi, domin sabuwar siga takan zo da wata hidima a kunne wadda ba a gwada ba, ko ta dawo da tsohon lissafin da ka kashe.

Na'urar da aka musanya maka bayan ta lalace, ka karɓe ta a matsayin baƙuwa: duba bugun allo, duba siga, liƙa sababbin hatimai inda takarda ta nuna, ka rubuta lambobinsu. Ta gwanjo kuwa, wadda ba a san hannun da ta bi ba, ba za ka iya kafa hujja da shaidarta ba komai arharta.

Sannan ka sa ranakun ƙarewa a kalanda. Satumban 2026 ne wa'adin da aka sa na mayar da duk sauran takardun FIPS 140-2 jerin tarihi, kuma NIST ta ce za ta gama da SHA-1 nan da 31 ga Disamban 2030. Idan kwangilarka ta ce sai kaya mai shaida mai rai, ka nemi mai ƙera na'urar ya ba ka a rubuce wace siga ce ke kan layin 140-3, da ko allon da ke hannunka yana cikin waɗanda za a gwada ta a kansu, tun kafin ka sa hannu a kasafin shekara mai zuwa.